Kunnen Na-Tsafe

Kwanan baya na bi ta layin da shagon maigidanmu yake a da, a bayan kasuwar Gusau, ba don ina da abin yi a can ba, ƙafa ce kawai ta saba. Na tarar an fasa bangon gaba an sa gilashi, an jera wayoyin hannu a ciki, mai shagon yana zaune daidai inda teburin aikinmu yake. Na yi masa sallama, na tambaye shi ko ana gyaran amfilifaya, injin ƙara ƙarfin sauti, a nan. Ya ce, "Baba, wa ka gyaran wanga abu yanzu? In ya lalace sai a cire allon cikinai a sa wani, ko a sayi sabo." Na yi masa godiya na wuce. Gaskiya ya faɗa, amma sai da na zauna a bencin mai shayi na huta, don wannan ɗan ɗakin da yake sayar da waya a ciki shi ne abin da na fi so a duniya lokacin ina saurayi, kuma ban same shi ba.

A wancan zamani tun daga bakin layi za ka ji shagon kafin ka gan shi. Rediyo yana shuuu ana neman tasha, wani kaset yana jan murya kamar mai jin barci, lasifika tana gyaran murya, maigida yana busa cikin makirufo yana cewa a rage, a ƙara. Da safe aikinmu na farko shara, sannan a bi ƙasa da maganaɗisu a tsince ƙananan kusoshin da suka faɗi jiya. Idan babu wuta, kuma sau da yawa babu, sai a hura gawayi a ɗora ƙarfen narka dalma a kai, ɗaya yana fifita ɗaya yana liƙi. Mukan buɗe rediyon ƙauye mu tarar da ƙwan tsaka ko gidan zanzaro a ciki, mu fita da shi waje mu busa, mu dawo da tari. Mu ne masu kai batirin mota caji a ka, mu ne masu kankare bakin waya da reza har yatsa ya yi kanta. Warin dalma yana bin rigarka har gida. Yanzu kaya sun yi arha, sun yi sauƙi, akwati ɗaya mara nauyi ya isa taron biki, ba na musun haka. Abin da na rasa shi ne mutumin da zai tsaya ya saurari inji ya ji abin da ke damunsa, kamar yadda aka koya mana.

Maigidanmu dattijo ne mai ƙarancin magana, mutumin Nahuce, kuma duk cikin ciwace-ciwacen amfilifaya ba abin da ya fi ɗauka da muhimmanci kamar kuka. Ba kukan da ake yi idan an kusanta makirufo da bakin lasifika ba, wannan kowane ladan ya san maganinsa, ka ja baya kawai. Yana nufin kukan da inji ke yi shi kaɗai ba wanda ya yi magana. Yakan ce sautin da ya fita ne yake samun ɓarauniyar hanya ya komo ta ƙofar shiga, inji ya ƙara masa ƙarfi ya fitar, ya sake komowa, har inji ya zama kamar saniyar da ta koyi shan nononta. Wani kukan fut-fut-fut ne kamar injin niƙa, wannan yawanci babban kwandensa ne, ɗan gwangwanin da ke tace wuta, ya bushe. Wani fito ne mai tsini, sai ka duba wayar ƙasa, wadda ake ɗaurawa a jikin ƙarfen inji, ko ta saki, ko wayar shiga ta kwanta a jikin wayar fita. Na ƙarshen shi ne mugun, wanda ya yi sama har ya kusa wuce kunnen mutum. Inji yana zaune shiru a ganinka, alhali yana ihu a cikinsa, yana zafi, har taransista, 'yan na'urorin da ke ƙara ƙarfin sautin, su ƙone. "In kun taɓa da bayan yatsa kunka ji zahi ba kowa na magana ba," in ji maigida, "to kada ku yarda da shirun nai."

Mu biyu ne a ƙarƙashinsa. Ni na riga zuwa, sannan aka kawo wani ɗan tela daga Tsafe, sa'ana, wanda sunansa ya ɓace a shagon kowa yana ce masa Na-Tsafe. Karatunmu ɗaya, tare muka koyi karanta zanen hanyoyin wuta, tare muke cin ƙosai a takarda ɗaya. A hannu kuwa na fi shi nesa, ba yabon kai ba ne. Liƙina yana fitowa sumul yana ƙyalli, nasa kamar kashin kaza. Yana ɓatar da kusa, yana ƙona yatsa, yana barin sukuddireba a cikin akwatin mutane. Amma Allah ya ba shi kunne. Mutum zai shigo da kaya a ka, a kunna, ni ina neman mitar auna wuta ina warware wayoyinta, shi kuwa ya karkata kai kaɗan ya ce, "Shina kuka." In ce ban ji komai ba. Maigida ya taɓa da bayan yatsa, ya yi ɗan murmushin nan nasa, ya koma kan aikinsa. Wannan murmushin ya fi mari ciwo a wurina. Na sha toshe kunne ɗaya in saurara da ɗayan, na sha goge kunnena da gashin kaza har ya yi ja, na daina zuwa kusa da injin niƙa don kada ya lalata mini ji. Duk a banza. Hassada ce nake yi masa, ba wani suna gare ta ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bai ma san yana da abin yi wa hassada ba.

Sai idon maigida ya fara rauni. Yakan kai ƙarfen dalma ya liƙa gefe, ya yi tsaki, ya miƙo mini. Ya fara maganar komawa Nahuce ya kama gonarsa, kuma 'ya'yansa duk aikin gwamnati suka shiga, babu mai son sana'ar. Kowa a layin ya san maigida zai bar wa ɗayanmu shagon, da teburin, da masallatai da makaɗa da masu shela da suka saba kawo masa kaya tun daga Magami har Bungudu. Shagon ba zai ɗauki iyayen gida biyu ba. Ni na riga na gama zama a kujerar nan a cikin zuciyata, har na zaɓi fentin da zan shafa wa ƙofa. Na fi daɗewa, na fi iya hannu, aikin da ya fita da sunan maigida a 'yan shekarun nan rabinsa yatsuna ne suka yi shi.

A cikin wannan hali ne wani amfilifaya ya addabe mu. Na masallacin Juma'a ne na wani ƙauye can gaba da Nahuce, wani manomi mai hali ya saya musu. Za a kawo shi a ƙone, in canza masa taransista, in gwada shi a shago da lasifikarmu har a gaji, yana magana garau, jikinsa sanyi ƙalau. A mayar da shi, ranar Juma'a liman yana tsakiyar huɗuba sai murya ta shaƙe, wari ya tashi, shi ke nan. A sake ɗauro shi a bayan keke. Mutanen ƙauyen suka fara cewa ko baki ne, ko wani ne ba ya son a ji liman. Manomin da ya saya kuwa ya aiko da saƙo cewa in an gaza a faɗa masa ya kai wani wuri. Maigida ya ce, "Ciwon ba nan ciki shike ba, can shike. Ku tahi ku biyu ku gano." Bai ce jarrabawa ba ce, amma ba yara ba ne mu.

Muka kama motar Bungudu da sassafen Juma'a, muka ƙarasa a ƙafa ta cikin gonakin dawa, ni ina riƙe da jakar kayan aiki, shi yana ɗauke da injin. A lokacin mutum yana bin wannan hanya ba abin da yake tsoro sai rana, ba kamar yanzu da sai an tambayi labari kafin a fita ba. Masallacin na ƙasa ne da rufin kwano, lasifika a ɗaure a kan doguwar sanda ta wajen gabas. Ladan ya tarbe mu, wani tsoho mai fara'a, muka same shi a gindin bedi yana tufkar igiyar rama, don ita ce sana'arsa. Ya nuna mana akwatin katako da ake ajiye injin, da batirin mota a gefe. Muka haɗa komai yadda suke haɗawa, aka kunna.

Ban daɗe ba na ga allurar mita ta haura, inji yana zuƙar wuta alhali ba mai magana. Na taɓa da bayan yatsa, ya fara ɗumi. Na san mugun kukan ne, wannan kam ban buƙaci kowa ya gaya mini ba. Na buɗe murfi na shiga bin ciki, kwandensa ɗaya bayan ɗaya, wayar ƙasa, kowane liƙi. Na-Tsafe bai taɓa ko sukuddireba ba. Ya ce wa ladan, "Baba, ɗan yi magana ciki mu ji." Tsohon ya yi salati a makirufo, muryar ta fita waje, ni dai na ji ta lafiya. Na-Tsafe ya ce, "Akwai yashi cikin muryar ga, kuma akwai wani siririn hito bayanta." Ya sunkuya ya zare wayar makirufo daga jikin injin. "Ya bari," in ji shi. Na dubi mitata, allura ta faɗi. Ya mayar da wayar. "Ya dawo." Allura ta tashi. Ya yi ta zarewa yana mayarwa, idonsa a rufe, mitar da ke hannuna tana gaskata shi kowane karo, har na ji kamar in jefar da ita a rijiya.

Daga nan ya kama wayar makirufo ya bi ta. Doguwa ce, don ladan a bakin ƙofa yake kiran salla, liman kuma a ciki, saboda haka an zagaya da ita ta wani rami a bango an bi da ita ta waje. Muka fita muka zagaya, sai ga abin a fili. Wayar makirufo da wayar lasifika an tufke su wuri ɗaya, tufka mai kyau, matsattsiya, tun daga ramin bango har kusurwar masallaci. Ladan ya biyo mu yana murmushi, ya ce, "Ni nit tufke su. Da sili guda-guda sunka bar su, iska na kaɗawa, awaki na ja. Abin da anka tufke shi ka daɗewa." Duk abin da lasifika za ta faɗa, wayarta tana zuba shi kai tsaye a jikin wayar makirufo, tsawon bango guda. Har gobe ina cewa da an ba ni ɗan lokaci na gama da cikin injin, da ni ma na fito na gani. Amma ba a ba ni ba.

Ni da ni ne na fara gani, da na ce tsoho ya ɓata mana lokaci. Na-Tsafe ya shafa tufkar ya ce, "Baba, ban taɓa ganin hannu irin wanga ba. Sai dai su waɗanga biyu ba su zama tare, guda na raɗa ma guda abin da yaj ji, shi as sa injin ka ƙonewa. In ka tufke kowace da igiyar rama ita kaɗai, ka bi da guda ta nan guda ta can, awaki ba su iya masu komi." Tsohon ya yi dariya ya ce ashe har waya tana da tsegumi, ya zauna ya warware da hannunsa, ya ɗauko ramarsa. Ni kuma na roƙi garwashi a gidan da ke kusa, na ɗora ƙarfena, na gyara rigar wayar makirufo inda ta tsage, na liƙa ɗan kwandensa da ɗan rizista mai rage ƙarfin wuta a bakin da sauti ke fita, don ko da wani siririn kuka ya sake tasowa ya sami inda zai mutu. Liƙi ne da ko maigida yana da idonsa ba zai fi haka ba. Aka yi huɗuba daga farko har ƙarshe, inji bai ko yi ɗumi ba, Fulanin da ke kiwo a fadama suka ce sun ji kowace kalma. Da aka sallame, jama'a suka kewaye Na-Tsafe, suna cewa ga wanda ya ji abin da ba a ji, wani ya kawo masa ƙwan zabi a ƙwarya. Ni kuwa wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai ma sannu da ɗaukar kaya."

Da muka koma Gusau, maigida bai tambayi Na-Tsafe ba, ni ya tambaya. Ya san ba na ƙari ba na ragi a maganar aiki. Haka na tsaya a gaban teburin da nake so, na ba da labarin da bakina, da zare waya, da allurar mita, da tufka, da yadda aka rabu da ladan yana dariya. Ya saurara har na gama. Bayan ɗan lokaci, ranar da motar da za ta kwashe kayansa ta zo, ya kira mu ya miƙa wa Na-Tsafe makulli. Ya juyo ya ce mini, "Hannunka ya hi nashi, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma masu kawo muna kaya ba su iya hwaɗin abin da ad damun kayansu. Sai wanda ka ji da kainai. Ku zamna tare, shi ya ji, kai ka gyara." Na ce to, don ba a musu da maigida. Na-Tsafe ya bi ni har gida yana roƙona in zauna, ya ce shi ba ya iya liƙi, zai ba maigida kunya. Na san da gaske yake, kuma na san shawarar maigida ita ce daidai. Amma in shigo kowace safiya in tarar da shi a kan kujerar nan, wannan zuciyata ba ta iya ɗauka ba.

Na sami aiki a ƙaramar hukuma a Bungudu, ni ke haɗa lasifika idan za a yi taro, ni ke gyara idan ta lalace. A can na gano wata dabara: idan na kunna ɗan ƙaramin rediyo na kusanta shi da injin da ke kukan ɓoye, rediyon yakan kama ya yi fito. Na yi shekaru ina yawo da shi a aljihu, kunnen aro, kuma ya fisshe ni ba sau ɗaya ba. Na yi aure, na gina gida a Damba, na yi ritaya lafiya, 'yan uwa suna cewa ai ni na dace. Shi kuwa sunansa ya cika ƙasar. Duk masallacin da na shiga na ji murya tana fita tas, sai wani ya ce mini aikin Na-Tsafe ne, ka san shi? In ce na san shi. Muna haɗuwa a jana'iza da suna, mu gaisa da kyau, ya tambayi iyali, ban taɓa yi masa mugun fata ba. Amma ban taɓa jin an yabe shi na ji daɗi ba, ko sau ɗaya.

Da sana'ar ta mutu ya saki shagon ya koma Tsafe. Bana ya aiko a gaya mini zai aurar da jikarsa, na shirya na je. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, ya tsufa fiye da ni, dutsen garin yana bayansa. Na yi sallama bai juyo ba, sai da ɗansa ya taɓa shi. Shekarun da ya yi yana kara kunne a bakin lasifika yana sauraron abin da ba a ji, su suka cinye masa ji, sai ka sa baki a kunnensa ka ɗaga murya. Ya riƙe hannuna ya zaunar da ni kusa da shi. Can masu kayan sautin da aka ɗauko haya suka kunna injinsu, ya ga mutane suna yamutsa fuska suna waiwaye. Ya matso ya ce, "Shina kuka ko? Ji mini, ka hwaɗa mini irin nashi." Na yi tsawon rayuwata ina jiran ranar da zai nemi kunnena, ga ta ta zo, ban ji daɗin da na zata ba. Na sa baki a kunnensa na ce fito ne, yana ƙaruwa idan an ɗaga murya, yana tsayawa idan mai magana ya riƙe jikin makirufo. Kafin in rufe baki ya ce wayar ƙasa ce ta saki a bakin makirufo, a gaya musu. Ni ma na sani, riga ni kawai ya yi, kamar kullum. Aka je aka duba, aka ɗaure, kukan ya tsaya, ya gane daga fuskokin mutane.

Ya jima yana kallon bakin malamin da ke addu'a yana motsi. Sannan ya ce, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryarsa, "Kai ka tsira. Shagon nan ya canye mini kunne. Yanzu ko kiran salla sai an taɓa ni. Kai ga ka nan kana jin komi." Na dubi kunnuwan nan nasa da suka hana ni sukuni tun ina saurayi, sun zama fata kawai. Na nemi tausayi a zuciyata na same shi, amma hassadar tana nan a ƙarƙashinsa ba ta je ko'ina ba.

Ban sa baki a kunnensa ba. Da muryata ta kullum na ce masa, da za a mayar da mu gaban teburin nan a ce in karɓi makullin in biya da kunnuwana, wallahi da na miƙa hannu.